Yadda Za Ka Tsere wa Gidan Surukai da Sandar Fatsa

Ɗan'uwa, in kai ma Juma'a ta zame maka ranar fargaba saboda cin abinci a gidan surukai, gyara zama. Hanyar da zan shimfiɗa maka an gwada ta a nan Jidda, ta yi aiki mako shida cur, kuma na ba ka tabbacin kai ma za ta yi maka. Abin da ya faru a mako na bakwai za mu zo kansa, kada ka yi gaggawa. Ni mai sayar da kayan gwanjo ne a kasuwar Haraj. Ban taɓa kama kifi ba, amma na sayar wa mutane da dama kayan kama shi, don haka ba wanda zai koya mini harkar. Misalinmu tun daga farko har ƙarshe shi ne Souleymane, mutumin Gaya ta Nijar, mai aikin sito a gefen tashar jiragen ruwa. Inda ya yi daidai ka bi sawunsa, inda ya kuskure zan ɗaga maka hannu.

Mataki na 1: Ka san abin da kake gudu

Souleymane ya auri Juwairiyya, haifaffiyar Jidda, 'yar dattijo Abdulghani, wanda iyayensa daga ƙasar Hausa suka zo, shi kuma ya yi shekara arba'in yana aiki a tashar jiragen ruwa. Tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina aka mayar da tsohon wani bene, hawa na huɗu, a unguwar Sharafiyya, kuma kowace Juma'a bayan masallaci 'ya'ya da jikoki da surukai can suke tattaruwa. A shimfiɗa leda a ƙasa, a dire farantin shinkafa wanda sai mutum biyu ke ɗauka, kowa ya naɗe hannun riga.

To a Gaya mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ko ruwa zai sha sai ya kauce. A nan kuwa suruki ne zai zauna gwiwarsa na taɓa taka, ya yagi nama da hannunsa ya tura gabanka yana cewa kul, kul, wato ci, ci da Larabci. In Souleymane ya ci, ji yake duk tsofaffin garinsu sun zuba masa ido. In ya ƙi, ya raina gida. Sai ya ɗebi shinkafa ƙwaya bakwai ya riƙe a hannu har ta huce, Meshari, yayan matarsa, yana tambayarsa ko yau ma azumi yake yi. Ga Larabcinsu mai gudu, rabinsa wuce shi yake yi. Dabararsa ita ce in an yi dariya ya yi, har ranar da ya makara ya yi tasa a kan labarin rasuwa.

Kada ka gaya wa matarka wannan damuwa. Gaskiya ta cika sauƙi, kuma da kowa zai riƙa faɗinta da ban sayar da ko ƙugiya ɗaya ba.

Mataki na 2: Samo wa kanka kaka masunci

Ba za ka tashi rana tsaka ka ce za ka su ba, sai da asali. Kakan Souleymane tabarma yake saƙawa, kogin Kwara kuma daga nesa yake gaishe shi. Amma tunda Gaya a bakin kogi take, ba wanda zai tashi daga Sharafiyya ya je bincike. Ya gaya wa Juwairiyya cewa shi jikan masunta ne, jinin su ne ke motsa masa, kuma ga shi Juma'a kaɗai yake hutu.

Juwairiyya ba ta yi gardama ba, har ta ji daɗi da mijinta ya samu abin da zai ɗebe masa kewar gida. Ta ce za ta yi wa mahaifinta, wanda take kira Abuya, bayani da kanta. Sai dai ta ɗora sharaɗi ɗaya, ta faɗe shi tana ninke kaya ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Abuya bai taɓa jin ƙarya daga bakina ba. Duk abin da ka ce in gaya masa, ya zama haka yake. In ka sa na faɗi abin da ba shi ba a gabansa, wannan ban san yadda zan yafe ba."

A nan mai raunin zuciya yake fasawa. Souleymane ya ce mata bon, ba damuwa, ya taho Haraj wurina.

Mataki na 3: Sayi makinar da ba wanda ya iya

Makina, wato injin naɗe zaren da ake ɗaurawa a sandar fatsa, iri biyu ce. Akwai mai rataya a ƙarƙashin sanda, wadda ko gwaggonka ta ɗauka za ta jefa. Guje ta. In ka sayi mai sauƙi, Meshari zai ce a ba shi ya gwada, ya kama kifi, daga nan ka samu abokin tafiya.

Nemi mai zama a bisa sanda, mai kwarkwaron zare a kwance. Ita wannan in ka danna maɓallinta ka jefa, kwarkwaron sakin kansa yake yi ya yi ta juyawa, ba mai tsayar da shi sai babban yatsanka. Kyakkyawa ce, tana da ƙyalli, kuma duk wanda ya gan ta zai ja da baya da girmamawa.

Wadda na ba Souleymane ta zo ne cikin kayan gwanjo daga wata ƙasa mai tafkuna. Ta ruwan daɗi ce, ba a ƙera ta don teku ba, amma bai tambaye ni ba, ni kuma ba na son katsalandan. Na haɗa masa da akwatin koto na roba: kwaɗo kore, da jar tana, da wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali. Ya ɗaga kwaɗon ya tambaya ko kifin Bahar Maliya na cin kwaɗo. Na ce masa ai ba su taɓa ganinsa ba, son sani kaɗai zai kawo su. Mariƙinta na hagu ne, shi kuwa na dama, sai na sanar da shi cewa gwanaye duk da hagu suke naɗi.

Mataki na 4: Koyi bakin harkar kafin hannunta

Ranar Alhamis ka baje kayan a tsakiyar falo. Ka san abubuwa uku: birki, da ɗan murfin da ke matse kwarkwaro, da ƙarfen nan mai kama da tauraro wanda ke sassauta zare in babban kifi ya ja. Ba sai ka san aikinsu sosai ba. Ka riƙa murɗa su kana kai makinar kusa da kunne, kana girgiza kai. In an tambaye ka me ya faru, ka ce birki ne bai zauna ba. Ba mahaluƙin da zai ƙara tambaya bayan wannan.

Souleymane ya ƙware a wannan mataki fiye da kowane. Juwairiyya ta ɗauke shi hoto ta tura wa 'yan'uwanta.

Mataki na 5: Jifa, da abin da ke biyo bayanta

Ga yadda masu yi da gaske suke yi, don ka san abin da za ka kauce wa. Suna matse murfin har koto ya riƙa sauka a hankali, in ya taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya. Ba sa jifa cikin iska. Babban yatsa yana shafar zare tun daga sakinsa, kuma kafin koto ya faɗa ruwa sun danne.

Souleymane ya samu wuri a kan duwatsu inda aka yarda a yi fatsa, ya fuskanci iska, ya ware ƙarfinsa na mai ɗaukar buhu, ya wurga kwaɗon. Kwaɗo ya tafi taku biyar ya faɗa ruwa ya tsaya. Kwarkwaro bai samu labari ba, ya ci gaba da gudu. Kafin ya ƙifta ido zare ya kumbura ya cukurkuɗe a kan makina, abin da masu harkar ke kira sheƙar tsuntsu.

Kada ka karaya, wannan alheri ne. Mutumin da ke zaune bakin teku hannu rabbana ɗan zaman banza ne, amma wanda ke warware zare mai sana'a ne, kuma sheƙa ɗaya mai kyau tana cin awa uku. A gefensa wasu mutum biyu suna ta ciro kifi da zaren da suka naɗe a gorar ruwa. Souleymane ya dube su da tausayi, don ba su da kayan aiki.

Da la'asar ta yi sanyi sai ya buɗe ledarsa, ya fito da gurasar tamis da wake, ya ci ya ƙoshi ba mai kallon bakinsa. Rabonsa da ƙoshi ranar Juma'a tun kafin aure. Ya jingina da dutse, iska na kaɗa shi, ya ji wani daɗi har da ɗan kunyar kansa, sannan barci ya ɗauke shi.

Mataki na 6: Kula da kaya

Masu iyayi za su ce maka in ka dawo daga teku ka ɗauraye makina da ruwan daɗi, ka shanya ta a inuwa, ka ɗiga mata mai a wuraren juyi, musamman irin wannan da ba a saba mata da gishiri ba. Ni ma na gaya wa Souleymane haka, sai dai a lokacin ya riga ya tsallaka titi.

Ko da ya ji ma ba zai yarda ba. Shi ɗan bakin kogi ne, a saninsa abin da aka yi don ruwa, ruwa ba ya cutar da shi. In yashi ya shiga makinar, tsoma ta yake yi a teku ya girgiza, ya jefa a bayan mota har wata Juma'a. A mako na huɗu ta fara kuka in an murɗa ta. Ya gaya wa Juwairiyya alamar ta saba da aiki ke nan.

Mataki na 7: Kifi

Masunci ba ya dawowa hannu wofi kullum, don haka a hanyarka ta komawa ka ratsa Bangala, kasuwar kifi. Ka kiyaye waɗannan. Kada ka bari a fere maka ko a yanka. Ka zubar da ƙanƙara da ledar kasuwa. Kada ka sayi masu girma ɗaya, teku ba ta awo. Ka soka wa kowanne ƙugiya a leɓe ka zare. Ka tambayi mai sayarwa sunan kifin, ka maimaita sau uku a mota. Daga ƙarshe ka jiƙa ƙafar wandonka.

Sannan ka lura da lokaci. Souleymane yakan iso Sharafiyya dab da magariba, an kwashe faranti, an naɗe leda, ba sauran abin da za a tura gabansa sai shayi. Ya dire kifin, yau sha'ur, wani makon harid, Juwairiyya ta ɗauka ta kai gaban mahaifinta tana cewa da hannunsa ya kamo. Dattijo Abdulghani yakan juya kifin, ya ɗaga kunnensa ya leƙa, ya danna cikinsa da yatsa, ya ce masha Allah. Bai taɓa ƙara komai a kai ba.

Mako huɗu ana haka lafiya lau, sai a na biyar aka samu matsala. Matsalar daga Meshari ta fito, wanda bai san komai game da kifi ba sai ci. Ya leƙa kular da aka zubo kifin a ciki ya ce idon wannan kamar tun Laraba ya rasu. Aka yi dariya, kuma wannan karon Souleymane ya gane abin da aka faɗa sarai.

Mataki na 8: Kada ka nemi hujjar da ta fi ƙarfinka

Ga hannuna a sama, a nan ya kuskure.

Souleymane ya ƙudura sai ya kawo kifi mai rai, a ga wanda zai ce tun Laraba. Kifin teku kuwa ba ya jure tafiyar mota. Amma shi ya san wanda ke jurewa, kowane ɗan Gaya ya sani. A wani shagon 'yan Afirka ya tarar da baho cike da tarwaɗar gona, baƙaƙe, masu gashin baki, suna ta mulmula. Ya tsaya yana kallonsu, don shekara tara rabonsa da ganin fuskar kifin da ya sani. Ya zaɓi babba ya sa a bokiti. Ko kaɗan bai kawo a ransa cewa tarwaɗa da gishiri ba sa zama wuri ɗaya ba. Shi a wurinsa kifi kifi ne, ruwa kuma ruwa.

Yana dire bokitin a falo tarwaɗa ta yi tsalle ta faɗo kan tayil, ta kama hanyar ɗakin girki. Mata suka haye kujeru. Meshari, wanda a Jidda aka haife shi kuma bai taɓa ganin kifi da gashin baki ba, ya zaro waya zai binciko sunanta. Tsohon ya ce masa ya ajiye wayar.

Ya sa aka mayar da ita bokiti aka kawo gabansa, ya daɗe yana kallonta. Ya ce mahaifiyarsa takan yi farfesunta a Karantina in wani ya zo daga gida da busasshiya, kuma har ta rasu tana cewa ɗanyar ta fi. Sannan ya tambayi Souleymane inda ya kamo ta. Souleymane ya ce can gefen duwatsu, ta arewa.

"Shekara arba'in ina kallon bahar ɗin nan, ban san tana ciki ba," in ji tsohon. "Juma'a mai zuwa ka kai ni in gani."

Juwairiyya har da ƙwalla don murna. A mota ta gaya wa mijinta cewa tun da aka kawo Abuya benen nan bai taɓa cewa a kai shi ko'ina ba in ba masallaci ba. Souleymane ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Mataki na 9: In suruki ya ce zai bi ka

Hanyoyi uku ne: ciwo, lalacewar mota, ko tafiya Umra ta gaggawa. Duk na lissafa wa Souleymane da ya zo Haraj a rikice. Ya ce ba zai iya ba, don tsohon ya riga ya sa an wanke masa tsohuwar hular rana, kullum kuma sai ya kira ya tambayi ƙarfe nawa za a tashi.

Ranar Juma'a suka isa duwatsun, tsoho a gaba yana taka su kamar jiya ya bar su. Souleymane ya ɗaura kwaɗon roba, ya yi bismilla, ya danna maɓalli. Maɓalli ya ƙi. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, makina ta yi ƙara ta saki, ya wurga, aka samu sheƙar da bai taɓa yin irinta ba. Kwaɗon kuwa a kan hular tsohon ya sauka.

Dattijo Abdulghani ya cire kwaɗon ya duba cikinsa da bayansa, ya miƙa hannu aka ba shi makinar. Ya murɗa, ya kankare farin da ya taru a gefenta da farce, ya ɗanɗana.

"Gishiri ya cinye ta, ya waladi, ɗana. Ta ruwan daɗi ce, kamar kifinka na makon jiya."

Souleymane ya durƙusa a kan dutse. Tsohon ya ce ya tashi kada ya zame. Ya gaya masa ba tarwaɗa ce ta tona shi ba, tun ranar farko ya sani, don kifin da aka kama da la'asar ba ya zuwa da sanyin ƙanƙara a cikinsa. Souleymane ya yi ta maza ya tambaya me ya sa bai faɗa ba.

"Jira nake ka ce, Baba, zo mu je. Mako shida ina jira."

Wannan magana ta fi zagi zafi, kuma Souleymane ya ji ta har ƙashinsa. Duk tsawon lokacin nan yana ganin shi kaɗai ne ɗakin ya matse, bai taɓa duban tsohon da ya saba buɗe ƙofa ya ga maƙwabtan shekara hamsin, yanzu sai taga da bangon wani bene ba.

Tsohon ya zaro wani guntun katako daga aljihu, zare na naɗe a jiki, da ƙullin habbar, wani naman teku mai santsi da ake yanka wa kifi. Ya ajiye su, ya jawo ledar Souleymane ya buɗe ba tare da neman izini ba, ya raba tamis biyu ya miƙa masa rabi. Souleymane ya karɓa ya riƙe, kamar yadda ya saba.

"Na sani, a gida ba a ci gaban suruki. Mahaifiyata ta gaya mini, mantawa na yi sai da na ga kana ramewa. To ba gabana kake ba. Kalli ruwa, ni ma in kalli ruwa."

Haka suka zauna kafaɗa da kafaɗa suka cinye gurasar. Bayan nan tsohon ya koya masa yadda ake sakin zare da hannu, a ɗora shi a kan yatsa a saurara. Shi ya ciro uku. Can rana ta yi ja Souleymane ya ji wani ɗan motsi, ya fizga, ya jawo kifin da bai kai tsawon tafin hannunsa ba. Ya so ya mayar da shi ruwa don kunya, tsohon ya hana. Ya ce shi ba zai gaya wa Juwairiyya komai ba, amma 'yarsa ta tsaya a gabansa sau shida ta faɗi abin da ba haka ba alhali ba ta sani ba, kuma wanda ya ɗora mata kayan shi zai sauke.

Mataki na 10: Wannan ba na ba da shawararsa

Na sa shi ne kawai don labari ya cika. Souleymane ya shiga gida, ya ɗauko faranti, ya ɗora ɗan kifin a tsakiya ya ajiye gaban matarsa.

"Wannan ne na farko," ya ce.

Juwairiyya ta dubi kifin, ta dube shi. Mace ce mai saurin ganewa, ba ta buƙaci ƙari ba. Ta tambaya sauran fa, ya ce Bangala. Tarwaɗar fa, ya ce shago. Kakan fa, ya ce tabarma. Sannan ya gaya mata sauran, wanda shi ya fi wuyar faɗi: yunwar Juma'a, da shinkafar da ke hucewa a hannunsa, da dariyar da yake yi bai san dalilinta ba. Ta saurara har ya gama.

"Da ka gaya mini, da faranti kawai zan kai maka ɗayan ɗakin," ta ce. "Ka gwammace ka mai da ni maƙaryaciya a gaban Abuya."

Ba ta ƙara yi masa magana ba har Talata. Abinci tana ajiye masa, gaisuwa tana amsawa da ka, shi ke nan. Souleymane ya ce da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi, kuma a kwanakin nan ya tsorata da gaske, don bai san ko za ta sake yarda da maganarsa ba. Ranar Talata ta yanke hukunci. Tunda a gaban jama'a ta faɗa, a gaban jama'a zai gyara. Kuma tunda Abuya ya rantse ba zai sake yin Juma'a a hawa na huɗu ba, to jama'ar ma bakin teku za ta koma.

Mota biyar aka yi. Souleymane ne ya yi jigilar tabarmi da tukwane da kujerar wata gwaggo daga titi zuwa duwatsu. Da aka natsu ya miƙe tsaye ya faɗi komai, cikin Larabcinsa mai ɗingishi, inda ya maƙale ya cike da Hausa. Meshari ya yi dariya har ya shaƙe aka bubbuga masa baya, ya kuma nemi a ba shi kwaɗon ya rataya a mota. Juwairiyya ba ta yi dariya ba. Mahaifinta take kallo, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana ta yi wa jikoki faɗa a kan yadda ake ɗaura ƙugiya, muryarsa har titi.

Da aka zo cin abinci tsohon ya kafa doka. Ya ce a bakin teku ba a zama da'ira, kowa ya jeru a layi ɗaya ya fuskanci ruwa, haka masunta ke yi tun fil azal. Ba wanda ya taɓa jin wannan doka, ba kuma wanda ya isa ya musa. Aka zuba wa kowa nasa. Souleymane yana tsakiyar ci sai ya ji an zauna a gefensa. Juwairiyya ce, idonta na kan ruwa. Ta ɗauki tsokar da ta fi kyau a farantinta ta sa a nasa, ta ce ya ci kafin ta huce.

Sanarwa

Kayan da aka saya a hannuna ba a dawowa da su, ko sun yi tsatsa ko ba su yi ba. Mai wannan rubutu ba shi da alhakin sheƙar tsuntsu, ko ƙugiya a kunne, ko tarwaɗa a ƙarƙashin kujera. In ka gudu daga mutum ashirin a ɗaki ka ƙare da ɗaukar tabarmar mutum talatin a rana, tsakaninka da ƙafarka. Ban yi alkawarin matarka za ta tsaya a Talata ba, wata sai bayan Babbar Salla, wata ma ba ranar. In kuwa kana da tsoho a wani bene yana zaune bakin taga ranar Juma'a da hularsa a kusa, to ba sai ka zo Haraj ba, hau ka ce masa ya zo ku je. Amma in 'yan kasuwa suka tambaye ka, ba daga bakina ka ji ba.